Sai Bango Ya Tsage: Yadda Caji Ke Gadin Ƙofofin Jijiyoyin Jini

Da yawa daga cikinmu, har da waɗanda suka yi nisa a karatun zamani, idan aka ambaci jijiyar jini abin da ke faɗo mana a rai shi ne bututun famfo: zuciya ta turo, jini ya bi ya wuce. Kwatancen yana da sauƙin kamawa, sai dai akwai tambayoyi biyu da ba zai iya amsawa ba. In da jijiya bututu ce kurum, ta ina abinci da magani suke fita su isa tsoka da ƙwaƙwalwa? In kuwa aka ce ai bututun yana da huji, to me ya hana furotin ɗin da ke cikin jini zurarewa ta wannan huji, ya bar mutum a kumbure?

Amsar tana jikin wata shimfiɗa marar kauri da ta lulluɓe cikin kowace jijiyar jini, tun daga babbar jijiyar da ta fito daga zuciya har zuwa siraran da ido ba ya gani. Abin da nake so mai karatu ya tashi da shi daga wannan shafi shi ne, wannan shimfiɗa mai gadi ce, tana tantance abin da zai ƙetare daga jini zuwa nama, kuma daga cikin abubuwan da take fara dubawa a jikin baƙo akwai cajin lantarkin da yake ɗauke da shi. Lafiyar ƙoda, da tsananin zazzaɓin cizon sauro, da nasarar wasu sababbin magunguna, duk suna da igiyar da ta ɗaure su da wannan magana.

Shimfiɗa da rigarta

Masanin ƙirar jiki Wilhelm His ne ya raɗa wa shimfiɗar suna endotiliyam a 1865. Ƙwayoyin halitta ne shimfiɗaɗɗu, jere gefe da gefe kamar daɓen ɗaki, kauri ɗaya tak ba bisa ba ƙasa. A siraran jijiyoyi, waɗanda faɗinsu bai wuce maikuromita 5 zuwa 10 ba, kaurin ƙwayar yakan gaza maikuromita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Wannan ɗan tazara shi ne duk abin da ya raba jini da sauran jiki.

A 1896 Ernest Starling, wani masanin aikin jiki a Landan, ya bayyana cewa ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja a kan wannan bango. Matsin jini yana tura ruwa waje, furotin ɗin cikin jini kuma yana riƙe ruwan. Babba a cikin waɗannan furotin shi ne albumin, wanda hanta ke sarrafawa, kuma kowace lita ta ruwan jini tana ɗauke da giram 35 zuwa 50 nasa. Muddin albumin yana cikin jijiya, ruwa yana da abin da zai riƙe shi. Da zarar ya zurare, ruwa ya bi shi, ƙafa da fuska su kumbura.

To me ke tsare albumin? Girmansa yana daga ciki, amma akwai wani abu kuma. Kowa ya san batir yana da kai biyu, mai alamar tarawa da ake ce wa fozitif, da mai alamar ɗebewa da ake ce wa negatif. Ƙa'idar ita ce iri ɗaya suna korar juna, mabambanta suna jan juna. Albumin a cikin jini cajin negatif gare shi. Jajayen ƙwayoyin jini ma haka, saboda wani sinadari mai suna sayalik asid da ke fatarsu. Ita kuma shimfiɗar jijiya, fuskarta da ke kallon jini sanye take da wata riga ta zaren sukari da furotin, mai kama da gansakukar bakin rijiya, kuma rigar cike take da cajin negatif. Masana suna kiranta gilaikokalis, ma'ana ɓawon sukari. Manyan zarurrukanta su ne hefaran salfet da kondirotin salfet da hayaluronan, ga kuma sayalik asid ɗin nan.

Tun 1940 James Danielli ya yi hasashen akwai wani rufi a cikin jijiya, amma sai a 1966 John Luft ya nuna shi ƙarara a ƙarƙashin madubin lantarki. Dabarar da ya yi ita kanta darasi ce: ya yi amfani da wani jan rini mai cajin fozitif, rinin ya je ya manne a rigar saboda ita negatif ce, sai ga ta ta bayyana. Shekaru 30 bayan haka, a 1996, Hans Vink da Brian Duling suka auna ta a jikin dabba mai rai, suka tarar kaurinta ya kusa rabin maikuromita a siraran jijiyoyi. A bututun da faɗinsa bai fi maikuromita 5 ko 6 ba, wannan ba ƙaramin wuri ba ne. Jajayen ƙwayoyi a kanta suke sulɓewa, ba sa gogar fatar jijiyar kai tsaye.

Haɗiya iri uku

Riga tana korewa, amma jiki ba zai rayu da kora kaɗai ba. Akwai manyan kayan da dole su ƙetare: albumin kansa yana dakon maiƙo da wasu sinadarai zuwa nama, ga insulin, ga ƙarfen da ake gina jini da shi. Ruwa da gishiri da sukari suna iya kurɗawa ta tsakanin ƙwayoyi ko ta ƙofofi na musamman, iskar shaƙa kuma tana ratsa fatar ƙwaya da kanta. Manyan kaya kuwa, mafi yawanci sai an haɗiye su.

A 1953 George Palade, haifaffen Romaniya da ke aiki a Cibiyar Rockefeller ta Amurka, ya leƙa siraran jijiyoyi da madubin lantarki, ya ga fatar ƙwayoyin cike da wasu 'yan ramuka masu ƙunci a baki da faɗi a ciki, tamkar tuluna. Faɗin kowanne bai wuce nanomita 50 zuwa 100 ba, alhali silin gashin kai ɗaya ya haura nanomita 50,000. Shekaru biyu bayan nan masanin Japan Eichi Yamada ya ga irinsu a mafitsarar ɗaci, ya sa musu suna kabiyola, wato ɗan kogo. Palade ya yi hasashen cewa waɗannan 'yan tuluna suna ɗiba daga jini, su tsinke, su ratsa ƙwayar, su juye kayan a ɗaya gefen. Shi da Albert Claude da Christian de Duve ne suka raba kyautar Nobel ta 1974, kuma de Duve ne ya ƙirƙiro kalmar endosaitosis a 1963, wadda za mu iya kira haɗiyar ƙwaya.

Haɗiyar nan iri uku ce. Ta farko kurɓa ce: tulu ya rufe baki da duk ruwan da ya tarar a ciki, ba zaɓi, ba tambaya. Ta biyu haɗiyar gayyata ce: a fatar ƙwaya akwai wani makama da ya dace da kaya iri ɗaya tak, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Michael Brown da Joseph Goldstein sun sami Nobel a 1985 saboda gano yadda ƙwayoyi ke ɗaukar kwalastarol ta wannan hanya. Abin sha'awa, ramukan da irin wannan haɗiya ta fi bi, masu wani saƙaƙƙen rufi a bayansu, a ƙwan sauro Thomas Roth da Keith Porter suka fara bayyana aikinsu a 1964. Ta uku ita ce ta fi shafar zancenmu, wato haɗiyar mannewa. Abu mai cajin fozitif ya zo wucewa, rigar negatif ta fizgo shi ya manne, sai fatar ta lotsa ta shige da shi. Babu kwaɗo, babu mabuɗi, caji ne kaɗai ya yi masa iso. Da yake kayan sun taru a jikin fatar kafin tulu ya rufe, abin da ake haɗiya ta wannan hanya yakan ninka na kurɓa nesa ba kusa ba. Gwajin da Peter Davies da abokan aikinsa suka wallafa a 1981, a kan ƙwayoyin babbar jijiya da aka rena a ɗakin bincike, ya nuna cewa furotin ɗaya, in aka sauya cajinsa zuwa fozitif, haɗiyarsa ƙaruwa take yi.

Taswirar caji

A shekarun da na yi ina koyar da wannan darasi, na lura ɗalibai sukan haddace jimla ɗaya, cewa fatar jijiya negatif ce, su tsaya nan. Amma in da gaske ko'ina negatif ne daidai wa daida, ta yaya albumin, wanda shi ma negatif ne, zai kusanci bakin tulu har a ɗauke shi?

Waɗanda suka warware wannan ƙulli mata da miji ne, Maya da Nicolae Simionescu, 'yan Romaniya da suka yi aiki da Palade, suka kuma kafa cibiyar binciken ƙwayoyin halitta a Bukares a 1979. Makaminsu wani furotin ne mai suna feritin, wanda jiki ke adana ƙarfe a cikinsa. Saboda ƙarfen, kowace ƙwayar feritin tana fitowa a madubin lantarki kamar ɗigon baƙin tawada. Tun 1972 David Danon da abokansa a Cibiyar Weizmann suka gano yadda za a juya cajin feritin ya koma fozitif, ya zama duk inda negatif yake can zai je ya sauka. Su Simionescu suka zuba shi a jijiyoyin ɓeraye, suka yanko siraran jijiyoyin hanji da na fankiriyas, suka duba inda ɗigon ya taru.

Sakamakon da suka wallafa a 1981 ya nuna cajin ba baje yake ba, unguwa-unguwa ne. A waɗannan jijiyoyi akwai wasu 'yan tagogi da aka rufe da siririn labule, kuma a kan labulen nan ɗigon ya fi cunkushewa, domin cike yake da hefaran salfet. A sauran fatar ma ya sauka, sai dai bai kai haka ba. A bakin 'yan tulunan kuwa da cikinsu, kusan babu. Fassarar da suka yi ita ce, tagogi suna barin ruwa da ƙananan abubuwa su wuce, suna korar furotin mai negatif, su kuma tuluna an share musu caji domin irin su albumin su samu wurin shiga. A 1986 wannan cibiya ta Bukares ta nuna albumin da aka liƙa wa ƙurar zinare yana manne wa tulunan, ana kuma ƙetarar da shi. Nicolae Simionescu ne ya sa wa wannan aiki suna tiransaitosis. Bahaushe yana da kalmar da ta fi dacewa: fito. Tulu shi ne kwalekwale, ƙwayar ita ce kogi, jini da nama su ne gaɓa biyu.

Ilimi ba ya zama wuri ɗaya. A 1992 aka gano furotin ɗin da ke ƙera tulunan, aka kira shi kabiyolin. A 2001 masu bincike a Jamus da Amurka suka samar da ɓerayen da ba su da shi. Tulunan suka ɓace daga jijiyoyinsu, amma ɓerayen suka rayu, kuma aka tarar tsakanin ƙwayoyinsu ya ƙara sakewa, albumin yana bi ta nan. Wato in an rufe mashigi ɗaya, jiki yakan buɗe wani. Har yanzu masana suna muhawara a kan kason da fito ke ɗauka da kason da kurɗawa ke ɗauka, amma cewa caji yana cikin masu yanke hukunci, wannan ya zauna.

Shiga zaure daban, shiga ɗaki daban

Da wannan sani ya bazu, masu haɗa magani suka ga ƙofa. Babbar matsalarsu ita ce ƙwaƙwalwa. Tun 1885 Paul Ehrlich ya lura in an zuba rini a jinin dabba, gaɓoɓi suna rinuwa ban da ƙwaƙwalwa. A 1967 Thomas Reese da Morris Karnovsky suka gano dalili: ƙwayoyin shimfiɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ɗinke suke da juna tamau, kuma tulunansu kaɗan ne ƙwarai. Wannan katanga ce ke kare ƙwaƙwalwa daga guba, kuma ita ce ke hana yawancin magunguna isa gare ta. A 1987 William Pardridge da abokan aikinsa a Kalifoniya suka nuna cewa albumin da aka mayar fozitif yana mannewa a siraran jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ana kuma haɗiye shi, abin da albumin na asali ba ya samu. A 1998 kuma wasu masana a San Faransisko suka nuna cewa 'yan ƙunshin maiƙo masu cajin fozitif sun fi taruwa a sababbin jijiyoyin da ciwon daji ke tsirarwa fiye da lafiyayyun jijiyoyi.

Sai dai wanda aka shigar zaure bai shiga cikin gida ba tukuna. Abin da ƙwaya ta haɗiya hanya uku ke gabansa: ko a ƙetarar da shi, ko a maido shi cikin jini, ko a tura shi laisosom, wata 'yar jaka mai tsami inda ƙwaya ke narkar da shara. Mai yawa daga abin da ya shiga ta hanyar mannewa a can yake ƙarewa. Ga kuma wata matsalar: caji ba ya karanta adireshi. Abin da aka yi wa fozitif don ƙwaƙwalwa, zai manne a huhu da hanta da ƙoda kafin ya kai, domin dukkansu negatif ne. Haka kuma in fozitif ya yi yawa, yakan kashe cajin rigar, ya dunƙule ta, bango ya fara yoyo. Likitocin tiyatar zuciya sun san wannan ƙarfi. Hefarin, maganin hana jini daskarewa, negatif ne ƙwarai, kuma in an gama aiki furotamin ake bayarwa, wani furotin mai fozitif da aka samo asalinsa daga maniyyin kifi, ya kama hefarin ya kashe aikinsa. Amma a hankali ake ɗura shi, domin gaggawa tana iya faɗar da bugun jini.

Mafitar da aka samu tana da wayo. 'Yan ƙunshin maiƙon da aka yi rigakafin korona na Pfizer da Moderna da su, an gina su da wani maiƙo mai sauya hali. A cikin jini, inda ma'aunin tsami yake 7.4, kusan ba shi da caji, don haka ba ya manne wa duk abin da ya tarar. Da zarar an haɗiye shi ya faɗa jakar da tsaminta ya fi, sai ya koma fozitif, ya kama bangon jakar ya ɓarke shi, saƙon ya fita. Duk da haka, wani bincike na 2013 ya nuna abin da ke tsira daga jakar bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Wanda ya karɓi wannan allura, ya sani ko bai sani ba, ya ci gajiyar tambayoyin da aka fara yi da ɗigon feritin a jikin ɓera.

In riga ta yage

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda tsagewar ta fi saurin bayyana shi ne ƙoda. Ƙodojin baligi suna tace kimanin lita 180 na ruwa a kowace rana, su maido kusan duka, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu. Duk da albumin ɗin da ke wucewa ta wurin, abin da ke fita a fitsarin lafiyayye bai kai miligiram 30 a rana ba. A 1975 Barry Brenner da abokansa suka gwada wani sukari mai dogon zare a matatar ƙodar ɓera, suka ga mai cajin negatif ya fi shan wuyar wucewa fiye da marar caji mai girma ɗaya. A 1979 Yashpal Kanwar da Marilyn Farquhar suka gano hefaran salfet a matatar. Daga baya bincike ya ƙara karkata ga rigar shimfiɗar jijiya a matsayin shingen farko.

Ciwon sukari yana cin wannan riga. A 2006 masu bincike a Amsterdam suka ɗaga sukarin jinin wasu lafiyayyun matasa na tsawon awa 6, suka tarar girman rigar ya ragu da kusan rabi. Tun 1989 Torsten Deckert da abokansa a asibitin Steno na Danmak suka kawo ra'ayin cewa albumin a fitsarin mai ciwon sukari ba labarin ƙoda kaɗai yake bayarwa ba, labarin jijiyoyin jiki duka ne. Shi ya sa wanda albumin ya yawaita a fitsarinsa haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ma yana ƙaruwa a kansa. Toshewar manyan jijiyoyi ma da hannun caji a ciki. Ƙunshin kwalastarol marar kyau yana ƙetare shimfiɗar ta hanyar fito, kuma a ƙarƙashinta wasu sassansa masu fozitif suna maƙalewa a zarurruka masu negatif, ya kasa komawa. Daga nan kitse ke fara taruwa.

Zazzaɓin cizon sauro, wanda Najeriya ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, shi ma yana yaga rigar. Binciken da aka wallafa a 2019 a kan manya a Indonesiya da yara a Tanzaniya ya samu gutsattsarin rigar sun ƙaru a fitsarin marasa lafiya, kuma a Indonesiya yawansu ya tafi tare da tsananin ciwo da mutuwa. In rigar ta zaizaye, jajayen ƙwayoyin da cutar ta shiga suna samun sauƙin kama makaman da a da suke ɓoye, su toshe siraran jijiyoyi. Zazzaɓin dengi, wanda ya yi ɓarna a Burkina Faso a 2023, ya fi kowa nuna yadda caji da haɗiya ke haɗuwa. Ƙwayar cutar tana sakin wani furotin mai suna NS1. Binciken Eva Harris da ɗalibanta a Jami'ar Kalifoniya ya nuna yana mannewa a rigar, ƙwayar shimfiɗa ta haɗiye shi, shi kuma daga ciki ya tayar da sinadaran da ke sassabe rigar. Da suka sauya masa wuri ɗaya yadda zai manne amma ba za a haɗiye shi ba, yoyon bai faru ba. Mai gadi ne da kansa ya shigo da ɓarawo.

Haka ma amosanin jini, wanda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da shi. A 1980 Robert Hebbel na Jami'ar Minnesota ya nuna jajayen ƙwayoyin masu sikila suna manne wa shimfiɗar jijiya fiye da na sauran mutane, kuma da feritin mai fozitif ɗin nan ya ga cajin fatarsu ya dunƙule wuri-wuri maimakon ya bazu. Daga baya an gano makamai na musamman da ke ƙulla wannan mannewa, amma aikinsa ne ya karkato hankali zuwa bangon jijiya a cutar da a da ake kallo ta fuskar lanƙwasar ƙwaya kaɗai.

Abin da ya rage gare mu

Mai karatu zai iya cewa, to ni da ba ni da madubin lantarki, ina ruwana? Ruwanka yana cikin fitsarinka. Rigar da ido ba ya gani tana da ɗan aike, shi ne albumin. In ya kai miligiram 30 zuwa 300 a rana, bango ya fara tsagewa, alhali mutum bai ji komai ba, bai kumbura ba, fitsarinsa ma bai sauya kama ba. A wannan mataki, daidaita sukari da hawan jini, tare da magungunan da likita zai zaɓa, suna iya rage saurin lalacewar ƙoda. In aka bari sai ƙafa ta kumbura, sau da yawa an doshi wankin ƙoda, kuma duk gidan da ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san abin da take yi wa dukiya da zumunci. Ƙa'idar likitocin ciwon sukari ita ce a yi wannan gwaji sau ɗaya a shekara, tun daga ranar da aka gano ciwon a jikin baligi. Tsinken gwajin fitsari na yau da kullum ba ya kama ɗan ƙaramin adadi, saboda haka mai ciwon sukari ko hawan jini ya tambayi gwajin albumin da kiriyatinin da sunansa. Ina ganin ya dace hukumomin lafiya na jihohinmu su saukar da wannan gwaji zuwa asibitocin matakin farko, domin kuɗinsa bai kai ko kusa da na zaman wanki ɗaya ba.

Na biyu, mu ji tsoron allurar da ba likita ne ya rubuta ba. Jentamaisin, wadda ake yawan ɗirka wa mutane a kemis, cajin fozitif gare ta. Ƙwayoyin bututun ƙoda, waɗanda ke bayan matatar, suna kama ta su haɗiye, ta taru a jakunkunansu na narkarwa har ta illata su. Magani ne mai ceton rai a hannun wanda ya san awo da adadin kwanaki, amma a hannun mai kirdado ƙoda ce ke biyan bashi.

Na uku ya shafi jami'o'inmu. Akwai masu ganin binciken da bai haifar da magani ko na'ura a shekara biyu ba ɓarnar kuɗi ne. Tsakanin 'yan tulunan Palade na 1953 da rigakafin 2020 akwai shekaru 67, kuma babu wanda ya hango ƙarshen tun daga farko. Su Simionescu sun gina cibiyarsu a ƙasar da ba ta da yalwa, kuma aikinsu ya shiga littattafan da duniya ke karantawa. Mu kuwa masu zazzaɓin cizon sauro da masu sikila a gabanmu suke, auna gutsattsarin riga a jini ko fitsari kuma bai fi ƙarfin ɗakin binciken asibitin koyarwa ba, in an ba shi wuta da firji da kayan aiki. An yi a Tanzaniya. Abin da zai hana a yi a Kano ko Zariya ko Maiduguri ko Yamai ba ƙarancin basira ba ne.

Ga ɗalibin da ke karanta wannan shafi, in ka ga hoton jijiya a littafi an zana ta da layi biyu miƙaƙƙu, ka ɗauki alƙalami ka ƙara mata riga da tagogi da tuluna, ka sa alamar ɗebewa inda ta dace, ka bar inda ba ta dace ba. Ga uba ko uwar da ke fama da sukari ko hawan jini kuwa, zuwa asibiti na gaba a tambayi likita ko an taɓa auna albumin a fitsari. Allura ƙarama ce, amma ƙarfe ce.